Bishiyar Kan Haƙorin Doki

Pang ta fara sanin kyamara ne a gadon bayanta, kafin ta san ta a hannu. Tun tana budurwa take yi wa baƙi dako a ƙauyensu na Ho Pua, can cikin duwatsun arewacin Vietnam. Takan zuba jakunkunansu a kwandon goyo ta shige gaba, su biyo ta suna haki. A cikin baƙin nan akwai wani mai ɗaukar hoto daga Hanoi, sunansa Toai, mutum mai fara'a da yawan zance, wanda ba ya shekara bai zo ba. Shi ya lura yarinyar tana tsayawa daidai inda ya kamata a tsaya tun kafin ya ce uffan. Ya ba ta tsohuwar kyamararsa, ya koya mata zaman jiran haske irin na mai fakon kifi. Tun daga nan take ce masa Malam, shi kuma yana ce mata ƙanwata. Har ta yi aure, ta haihu, ta aurar da 'yarta, sunayen nan ba su canja ba.

Ta zama 'yar jagora mai takardar izini, hotunanta na duwatsu kuma suna fita a kalandar wani ɗan kamfani da ke birnin lardi. Amma aikin da ya fi tsaya mata a rai ɗaya ne. A kan doron dutsen da suke kira Haƙorin Doki akwai wata tsohuwar bishiya mai jan fure, ita kaɗai tilo, iska ta tanƙwara ta ta kwanto gefe guda, gansakuka ya lulluɓe mata jiki. Shekara da shekaru Pang tana hawa tana ɗaukar ta. Ta ɗauke ta da bazara tana ja kamar garwashi. Ta ɗauke ta da damina, ruwa na tsiyaya daga rassanta, matsattsaku na cin ƙafar mai ɗaukar. Da kaka kuwa gajimare kan kwanta a ƙarƙashin dutsen kamar an shanya auduga, bishiyar ta tsaya a bisansa. Abu ɗaya ya rage mata. Tsofaffi sun ce wata shekarar furen kan yi saurin buɗewa, dusar ƙanƙara kuma ta makara, sai su haɗu. Su ma a bakin iyayensu suka ji. Pang ta ba Malam wannan labari, da ƙafarta kuma ta kai shi ya ga bishiyar.

Su mutanen ƙauye ba kyan bishiyar ya dame su ba. Mazan da ke noman thao-kwa, 'ya'yan ƙamshin nan da ake shukawa a inuwar daji a busar da hayaƙi, in za su gida ta doron dutsen suke bi. Hanyar tana tafiya sambal har bakin wani wawakeken kwazazzabo, sannan ta karye hagu. Bishiyar ce alamar kwanar. Komai kaurin hazo, mutum zai hango duhunta, ko ya yi karo da reshenta ya san an zo.

Shekarar da abin ya faru, Pang tana asibitin birni wajen 'yarta Sua, wadda naƙuda ta zo mata da gardama. Ta tagar asibitin ta hango kawunan duwatsu sun yi fari fat, alhali ta baro furen ya fara buɗe baki. Ta yi tsaki, ta juya ta karɓi jikanta, ta ce a ranta wata shekarar tana nan tafe. Da ta koma gida aka ce mata ai Malam ya zo da gaggawa a mota, ya ɗauki Chu, ƙanin mijinta, ya yi masa dako, sun hau sun sauko, ya wuce bai ko tsaya cin abinci ba.

Ba a jima ba mijinta Lenh ya tafi sharar gonar thao-kwa. Ta cikin kwari ya hau da dokinsa, ya bar dokin a bukka wajen abokan aiki, ya biyo doron dutse shi kaɗai don ya yanke hanya zuwa gida. Hazo ya rufe shi a hanya. Ya yi ta tafiya yana jiran duhun bishiya, har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani kurmin gora ne ya tare shi a tsakiyar gangaren, da ba domin shi ba sai dai a tattaro ƙashi. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ta murɗe. Mutumin da ke saɓa buhu ya hau dutse yana waƙa, ya koma sai da sanda yake kaiwa bakin ƙofa.

Pang ta hau ta gani da idonta. Kututture ne, shafe kamar faifai, yankan zarto. Gangar jikin an tura ta gangare, tana kwance da busassun furanninta. Mutane suka ce ɓarayin katako ne, amma wane ɓarawon katako ne zai sha wahalar yanka ya bar itacen?

Da kaka aka yi wata babbar gasar hotuna, Toai ya zo na ɗaya da hoton bishiyar. Ya aiko mata da hoton a cikin gilashi, da gaisuwar jikin Lenh. Ta daɗe tana kallonsa. Jan fure, farar ƙanƙara, baƙin dutse, ba abin da za ka ce a gyara. Sua ce ta karanto mata hirar da aka yi da shi a waya. A ciki ya ce abin takaici, guguwa ta kayar da bishiyar bayan ya ɗauke ta, ba wanda zai ƙara samun wannan hoto har abada. Pang ta sa a maimaita mata wurin. Tun ranar da ya sauka bai sake taka Ho Pua ba, ita kuma ba ta taɓa gaya masa bishiyar ta faɗi ba, don bakinta bai iya faɗa ba.

Ta bari sai da aka yi bikin sabuwar shekara, ta ritsa Chu a rumbun masara shi kaɗai. Tun faɗuwar yayansa ya daina shigowa gidan, in ya hango ta sai ya canja hanya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi nauyin kayan da ya ɗauka ran nan, ko akwai wani abu dogo a naɗe cikin buhu. Chu, magidanci mai 'ya'ya, ya durƙushe a kan masara yana kuka. Ya ce Malam ya ce masa in hoton ya fita, masu kyamara za su cika dutsen kamar ƙudaje, kowa ya ɗauki irinsa, gara a rufe ƙofar. Ya ce Malam ya yi masa alheri mai tsoka. Ya ce shi ya ja zarton, Malam ya riƙe ɗaya bakin, kuma shi Chu ya yi niyyar kafa wata alama a wurin, giya ta mantar da shi.

Pang ta ce, “Tashi ka share fuskarka. Yayanka bai sani ba, kuma ba daga bakina zai ji ba.”

“Yaya, me za ki yi?”

“Hoto zan ɗauka. Ba shi ne sana'ata ba?”

Ta aika wa Malam godiya, ta ce hoton ya yi kyau, ta taya shi murna.

Daga nan ta shiga daji. Ta san Toai kamar yunwar cikinta: wanda ya ɗanɗana zama na ɗaya, ba abin da ke hana shi barci kamar tambayar me zai kawo nan gaba. Don haka ta bazama neman abin da zai fi na farko. Ta bar baƙi, ta bar kalanda, ta bi kwaruruka da ko mafarauta sun daina shiga. Wajen ƙarshen bazara ta samu, a wani dutse dabam, nesa da Haƙorin Doki: bishiya irin waccan amma ta ninka ta, ta fito daga tsagin dutse a gefen wani ruwa mai zubowa daga sama, furenta har kan ruwan. Ta tsaya a gabanta, ta ji ba daɗi ko kaɗan a ranta. Abin da ta ji shi ne abin da mai tarko ke ji in ya samu tsutsa mai ƙiba.

Ta ɗauka ta aika masa hoto ɗaya, ta datse gefe da gefe yadda ba mai gane wurin. Kafin ta sauke kwandonta ya kira. Ta ce masa wurin da nisa, ta ce ƙafarsa ba za ta iya ba, ta yi dariya ta kawo zancen jikanta.

Da damina ta koma. Ruwan ya cika ya yi ja, yana rugugi, feshinsa ya jiƙa bishiyar har ganyenta na ƙyalli. Sai da ta ɗaure kanta da igiya a jikin wani dutse kafin ta samu inda za ta kafa ƙafafun kyamara. Ta dawo da zazzaɓi, ƙafafunta duk cizon matsattsaku. Lenh, yana zaune yana saƙa kwando, wanda shi ne aikinsa yanzu, ya ce mata wace irin bishiya ce wannan da za ta kashe kanta a kanta. Ta ce ai ya san halinta. Da kaka ta sake komawa, ta samu dajin bayan bishiyar ya yi rawaya da ja, ruwan ya rame ya koma kamar zare. Ba ta taɓa ɗaukar hotuna masu kyan waɗannan ba, ta kuma san da haka. Kowane lokaci guda ɗaya take aika masa. Toai ya roƙa, ya yi fushi, ya tuna mata wanda ya fara sa mata kyamara a hannu. Ta ce ba ta manta ba, ba ta manta komai ba, ya bari sanyi ya shigo.

Da sanyi ya kankama, ruwan kwatami ya fara daskarewa da safe, ta kira shi. Ta ce ruwan nan ya zama ƙanƙara tun daga sama har ƙasa, bishiyar na tsaye a gefensa. Ta ce ya zo shi kaɗai, ba ta son ɗan dako, ba ta son ido na uku ya ga wurin. Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai.

Suka kama hanya da safe. Ita ke gaba da kwando, jakarsa a ciki, kamar shekarun baya. Ya yi ƙiba, yana tsayawa yana haki, yana ba ta labarin manyan mutanen da suka sayi hotonsa. Ta riƙa rage sauri, ta bar shi ya huta son ransa, don ta san a wannan lokaci na shekara hazo ba ya tasowa daga kwari sai rana ta karkata. Da ya gane ta Haƙorin Doki suka nufa, zancensa ya ragu. Ya tambaya ko babu wata hanya. Ta ce babu.

Suna kaiwa doron dutsen hazon ya iso, fari, mai sanyi, yana shiga hanci kamar hayaƙi. Kafin su kai tsakiya mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Pang ta tsaya, ta sauke kwando, ta ciro jakarsa ta ɗora a kan wani abu.

Ta ce, “Malam, ka gane nan?”

Ya duba ƙasa ya ga kututturen. Ya gyara murya ya ce, “Kaico. Guguwar nan ta yi mana ɓarna, ƙanwata.”

Ta kama hannunsa, ta zare masa safar, ta shafa tafinsa a kan yankan. “Ji yadda ta yi aikinta sumul. Guguwar garinku da haƙora take zuwa?”

Ya fizge hannunsa. Ya fara cewa bai san me take nufi ba, ta ce Chu ya gaya mata. Sai ya juya harshe. Ya ce itace ne fa kawai, tsoho, da ma ya kusa mutuwa. Ya ce shi ya sa duniya ta san da bishiyar, da ba domin shi ba da ta ruɓe a nan ba wanda ya san an yi ta. Ya ce abin da ya samu Lenh tsautsayi ne, in kuɗin magani ne a faɗa masa.

Pang ta saurare shi har ya gama. Ta goya kwandonta, ta gyara igiyar a kafaɗa.

“Hanyar gida ba wuya, Malam. Ka miƙe sambal. In ka zo wurin bishiyar sai ka karya hagu. Haka Baban Sua ya yi niyyar yi.”

Ta ja da baya, hazo ya haɗiye ta.

Ba ta yi nisa ba. Ta gangara kaɗan ta zauna a bayan wani dutse, ta kwance ƙunshin shinkafarta. Tana jin sa. Da farko dariya ya yi, ya ce wasan ya isa haka. Sannan ya kira ta ƙanwata, ya yi ta kira. Sannan ya zage ta, ya zagi ƙabilarta, ya ce da ma an gaya masa mutanen dutse ba su da amana. Can ta ji ƙarar tsakuwa tana gangarawa, ta daina tauna, ta kasa kunne. Shiru. Sai muryarsa ta dawo, siririya, yana rantsuwa zai faɗa wa duniya gaskiya, zai mayar da kyautar, zai durƙusa a gaban Lenh. Ya juya ya juya a cikin farin nan har bai san ina ne gaba ba, ina ne baya, ina ne ramin. Pang ta cinye shinkafarta tas, ta karkaɗe ganyen. A ranta ta ce ita ba ta tura kowa ba, tsakaninsa da dutse ne. Ta sauka gida.

Lenh ya tambayi baƙo, ta ce ya tsaya aiki a sama. Ta hura wuta ta ɗora tukunya.

Chu ne ya hango ta ta shigo ƙauye ita kaɗai. Gari na wayewa ya tara maza suka hau da igiyoyi da barguna. Hazon bai ɗaga ba, suka yi ta lalube suna kira, sai da yamma suka same shi. Bai faɗa ramin ba, tsoro ya hana shi tafiya. Ya rarrafa ya dunƙule a jikin kututturen, ya rungume shi, gashin girarsa ya yi fari da ƙanƙara, baki ya ƙi buɗuwa. A bargo suka sauko da shi. A asibiti aka yanke masa yatsun ƙafa, da biyu na hannun da ta zare wa safa, don ya nemi safar a cikin hazon bai gan ta ba.

'Yan sanda suka zo. Toai ya riga ya gaya musu hazo ne ya raba su, don ya san in ya ce ta yar da shi, za a tambayi dalili. Pang ta ce yadda Malam ya faɗa haka ne. Suka rubuta suka tafi. Da a nan maganar ta mutu, amma Chu ya kasa riƙe ta. Ya je wajen tsoho Vang, babban danginsu, ya amayar da komai tun daga zarto.

Aka tara dattawa a gidan tsohon. Nan Lenh ya fara jin wanda ya ja zarton. Ya kalli ƙaninsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da ido kan sandarsa. Dattawa suka yanke wa Chu noman gonar yayansa muddin yana da ƙarfi, ya kuma kafa tulin duwatsu a kwanar, wanda ya fi mutum tsawo. Da aka zo kan Pang aka daɗe ana ja. Wasu suka ce ta yi daidai. Tsoho Vang ya ce tun kakanni ba a taɓa kai baƙo kan dutse a baro shi ba, ko da ya kashe maka uba. Ka sauko da shi tukuna, sannan ku yi shari'a a ƙasa. Aka ci ta tarar alade da tulun giyar masara don a wanke sunan ƙauye, aka ce kuma ta bar jagorancin baƙi.

Tsohon ya dube ta ya ce, “'Yata, da Chu bai hau ba, da kin koma kin ɗauko shi?”

Ta san amsar da ake so ta bayar, da ta bayar kuwa da an rage mata.

Ta ce, “A'a, Baba.”

Tsohon ya girgiza kai, ya ce to aladen ya zama babba.

Maganar da aka yi a gaban mutum fiye da goma ba ta kwana a ƙauye. Samari suka baza ta a waya, har da hoton kututturen. Kafin bazara masu gasar sun karɓe kyautarsu, waɗanda suka rataye hoton a ofisoshinsu suka sauke shi a hankali. Toai ya rufe shagonsa ya koma garin matarsa. Ita ma Pang ba ta tsira ba: hukuma ta soke takardarta, mai kalanda ya daina ɗaukar wayarta, baƙi suka yi shekara suna tsallake Ho Pua, matan da ke sayar musu da saƙa suka daina gaishe ta a rafi. Masu kyamara da yawa sun aiko suna tambayar inda ɗaya bishiyar take, ba wanda ta amsa wa.

Ranar biyan tara ta zaɓi aladen da ya fi kowanne ƙiba a garkenta, ta ja shi da kanta har ƙofar tsoho Vang. Aka yanka, aka dafa, ta zauna cikin mata ta ci ta ƙoshi, har ta nemi ƙari. Chu ya kawo wa yayansa ƙoƙon giya da hannu biyu. Lenh ya bar shi ya daɗe a tsaye, sannan ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai sha ba.

Da aka watse suka kama hanyar gida, yana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗarta. Gangaren da santsi, suna tafiya a hankali. Sai da suka wuce gidaje ya yi magana.

“Shekara guda kina dafa wannan abu a gidana, ina zaune ina saƙa kwando.”

Ta gyara hannunsa a kafaɗarta.

“Da kin gaya mini, da na ce ki ƙyale shi.”

“Na sani, Baban Sua. Shi ya sa ban gaya maka ba.”

Ya tsaya ya huta, yana kallon gonakin da aka fara sakar wa ruwa. Can ya ce naman ya yi gishiri da yawa, ita kuma ta ce ba ita ta dafa ba. Suka ci gaba da gangarawa.